Cin abincin dare a cikin garin Legas: tambayoyin da 'yan uwa ke yawan yi

Duk wanda ya ɗan kwana biyu a Ikko ya san wannan kiran. Ɗan uwa ya sauka daga Kano ko Sakkwato ko Yola, ya gama abin da ya kawo shi, magariba ta kawo jiki sai ka ga wayarsa: "Malam ina ake cin abinci ne a garin nan naku?" Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, daga ɗan kasuwa har ma'aikacin da aka turo taro har amarya da ango, shi ya sa na tattaro su wuri guda. Abin da na rubuta ra'ayina ne da abin da na gani, ba wanda ya biya ni talla.

Wai ina ne ma cikin garin Legas ɗin?

Idan asali ake bi, cikin gari shi ne tsibirin Legas, wato Isale Eko da Idumota da Balogun da Marina da CMS, inda Babban Masallacin Legas yake a titin Nnamdi Azikiwe. Nan ne kasuwa, nan ne tsofaffin bankuna. Amma fa wurin na rana ne. Da an rufe shaguna mutane sun watse zuwa gidajensu, layukan da ba ka iya ɗaga ƙafa da azahar sai ka ga sun koma wayam, kuma ba inda zan tura baƙo ya je yawon neman abinci da ƙarfe tara ba ne. Ko bukokin da suka yi suna a wajen Onikan irin su Ghana High cinikinsu na rana ne, ma'aikatan ofis suke ciyarwa.

Cikin gari na dare ya koma ƙetaren ruwa kaɗan: Victoria Island da kowa ke ce wa VI, da Ikoyi, da Lekki Phase 1. Titunan da za ka riƙe a VI su ne Adeola Odeku, Akin Adesola, Adetokunbo Ademola da Ozumba Mbadiwe. A Ikoyi Awolowo Road, a Lekki kuma Admiralty Way. A ɓangaren tudu kuwa Ikeja ce, wadda ita ce ma hedikwatar jihar, tana da nata cikin garin, na yi maganarta a ƙasa.

Na sauka a otal, wane ɓangare zan nufa?

Ɓangaren da za ka kwana. Wannan ita ce amsar da ta fi duk sunayen gidajen abincin da zan lissafo muhimmanci, wallahi. Legas ruwa ya raba ta biyu, Ailan (ɓangaren tsibirai, su VI da Ikoyi) da Menlan (ɓangaren tudu, su Ikeja da Surulere), gadoji uku ne suka haɗa su: Carter, Eko, da Third Mainland wadda aka buɗe a 1990, tsawonta ya kusa kilomita 12. Da yamma duk waɗanda suka shigo Ailan aiki suna komawa Menlan a lokaci ɗaya, to ka ga idan kana VI ka ce za ka je Surulere cin amala da ƙarfe shida, kai da kanka ka shiga layin, kafin ka isa yunwar ma ta wuce ta bar ka da ciwon kai.

Wanda yake Menlan yana son shigowa Ailan da yamma shi ya fi samun sauƙi domin hannunsa ba cunkoso sosai, sai dai ya tuna da komawa cikin dare (duba amsar da ke maganar komawa masauki). Ni dai ban ga abincin da ya kai a tsallaka gada sau biyu saboda shi a ranar aiki ba. Asabar da Lahadi wata magana ce.

Ƙarfe nawa ya kamata in fita, kuma ya zancen sallah?

Rana ta fi daɗewa ba ta faɗi ba a Legas kan yawancin garuruwan Arewa. Magariba tana kamawa daga wajen shida da rabi zuwa bakwai da 'yan mintoci gwargwadon lokacin shekara, da sanyi ma za ka ga su Kano sun idar mu ko kira ba a yi ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka yi magariba a masauki ko masallacin kusa sannan ka fita, ka ci, ka dawo ka yi isha'i. Yawancin gidajen abincin VI ba su da wurin sallah na musamman, amma kusan duk layin da ka shiga akwai 'yan uwanmu masu gadi ko masu kiyos, ka yi musu sallama da Hausa za su ba ka buta da tabarma su nuna maka gabas, ba ka ma gama tambaya ba. Ga mata ne abin ya fi wuya, gara Hajiya ta yi tata kafin a fito.

Kicin a yawancin wurare yana fara tattarawa wajen goma zuwa sha ɗaya, saboda haka kar ka yi irin na gida ka ce sai an gama hira.

Ina son abincin Najeriya a wuri mai tsafta da zan iya kai baƙo. Ina zan je?

Wanda na fi tura mutane shi ne Yellow Chilli, yana Oju Olobun Close a VI, suna da reshe a Ikeja GRA. Abin da suka yi suna a kai miyar kuɓewa ce mai kayan ruwa, ba irin busasshiyar kuɓewarmu ba, ɗanya ce an yanka ta gutsi-gutsi da manja, ga ƙaguwa ga jatan lande ga kifi duk a kwano ɗaya, ka haɗa da sakwara ko teba. Za a kawo maka ruwan wanke hannu, kar ka ji kunyar cin sakwara da hannu don ka ga masu kwat da nektayi, su ma haka suke yi. Ƙaguwar ce ke ba baƙo wahala, sai ka fasa ƙafar da haƙori ka tsotse, idan da farar shadda ka zo ka ja kujera baya kaɗan.

Terra Kulture a titin Tiamiyu Savage shi kuma ba gidan abinci kawai ba ne. Bolanle Austen-Peters ce ta kafa shi, akwai ɗakin nuna zane-zane, akwai wurin sayar da littattafai, akwai zauren wasan kwaikwayo, to idan baƙon naka mai son ya ga wani abu ne bayan cin abinci, nan ya fi. Shinkafar ofada da dafa-duka da soyayyar agada da miyar agushi duk za ka samu. Jevinik kuma na masu ci ne tsakani da Allah, miyoyin Kudu maso Gabas da Neja Dalta, kuma malmalarsu da yawan miyarsu sananne ne, mutum biyu marasa ci sosai za su iya raba oda ɗaya. Ba wurin gayu ba ne can-can, wurin ƙoshi ne.

Sai Nok by Alara a titin Akin Olugbade, wanda yake jikin kantin Alara na Reni Folawiyo, ginin da David Adjaye ya zana. Sunan daga Nok ɗinmu na kudancin Kaduna aka ɗauko. Abincin ƙasashen Afirka ne aka yi masa kwalliya irin ta Turawa, da lambu a baya inda ake gashi. Kyau kam akwai, amma faranti ne mai faɗi da abinci a tsakiya, idan ka wuni a tashar Apapa kana fama da kwantena ba nan za ka je ba, ka je Jevinik. Nok na ranar da kake son burge wani ne, kuma ka karanta amsar bil kafin ka tafi.

Ni fa tuwo nake so da miyar kuka. Babu ne a VI?

Gaskiya ba wurin nemansa ba ne. Za ka iya ganin tuwon shinkafa ko masa a takardar abincin wani gidan, amma sau da yawa idan aka kawo sai ka ga an yi ne don a ce akwai, kukar ba daddawa, ba man shanu, tuwon ya yi ruwa. Tuwo na gaske yana inda mutanenmu suke: Agege, Idi-Araba, Mile 12, Ijora, sai Obalende idan kana Ailan ba ka son tsallaka gada. A Obalende bayan magariba ka tambayi duk wani mai shayi ko ɗan canji ina masu tuwo suke zama, zai kwatanta maka. Benci ne da kwanon silba da buta, ba na'urar sanyaya ɗaki, amma za ka ci ka sha fura ka ji Hausa ta ko'ina.

Shawarata dai, idan kwana biyu ko uku za ka yi, ka haƙura da tuwo, yana nan yana jiranka a gida. Ka ci abin da garin ya iya, kifi ɗanye da kayan ruwa da amala. Mu da muke zaune shekara da shekaru mu ke da uzurin zuwa Agege neman kuka.

Tsire fa? An ce na Legas ma ba laifi.

Ai 'yan uwanmu ne ke yi, naman ma shanun Arewa ne. Biyu ne kowa zai ambata maka. Glover Court Suya a Ikoyi, cikin unguwar masu kuɗi, da yamma ake fara wuta, kafin dare ya yi nisa motoci sun jeru a layin. Sai University of Suya a Allen Avenue, Ikeja, wanda ya daɗe ƙwarai. Obalende ma tsohuwar matattarar masu tsire ce tun Legas tana babban birnin ƙasa, kafin a koma Abuja a 1991, lokacin Dodan Barracks na nan kusa ita ce fadar gwamnati.

A irin wuraren nan ba zama ake yi ba yawanci, ka yi oda a yanka maka a naɗe ka tafi. Ka yi magana da Hausa, ka ce a haɗa maka da tozo da ƙoda, a mayar wuta ya ɗan ƙara gasuwa, yaji a ƙulla daban. Ɗanɗano kuwa haƙƙinka ne kamar a gida. Abin da zai ba ka mamaki kuɗin ne, abin da za ka ci ka ƙoshi da shi a Kano a nan ɗan tsaraba ne. Idan ka haɗa da burodin Agege mai laushin nan da shayi wajen mai shayi, abincin dare ya kammala ba sai ka shiga ko'ina ba.

Maganar halal: naman da ake sayarwa yankan Musulmi ne?

Naman sa da na rago da ke yawo a kasuwannin Legas mafi yawansa daga mayankar Oko-Oba ta Agege da sauran mayankun gari yake fitowa, kuma mahautan galibi Musulmi ne, Hausawa da Yarbawa. Kar ka manta Legas gari ne mai Musulmi da yawa tun da daɗewa, masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins tun 1894 aka buɗe shi. Saboda haka a buka ko gidan abincin gargajiya, naman sa da akuya ba shi ne abin da ya fi damuna ba. Inda ake tsayawa a yi tambaya shi ne manyan wuraren da ke cewa namansu daga waje aka shigo da shi, da kajin kankara, da naman daji a gidajen abincin Kudu.

Alade shi ne babba. Gidajen abincin 'yan Chana da na Italiya da masu yin baga da fiza suna amfani da shi, wani lokaci a cikin soyayyar shinkafa ko a yayyanka a saman fiza ko cikin sosej, kuma ba lallai a rubuta ɓaro-ɓaro ba. Ka tambayi weta kai tsaye, idan ka ga yana inda-inda ka ce ya shiga kicin ya tambayo, ba abin kunya ba ne, sun saba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tsaya a kifi. A mazhabar Malikiyya da muka taso a kai abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, to ƙaguwa da jatan lande ba matsala sai dai ƙyanƙyami idan ba ka saba ba. Dodon koɗi kuwa, wanda Yarbawa ke ji da shi kuma yake da tsada, ba na ruwa ba ne, wannan ka tambayi malaminka.

Giya kuma mu faɗa wa juna gaskiya, kusan duk wani babban gidan abinci a VI da Ikoyi da Lekki yana sayar da ita, har waɗanda na lissafa a sama. Idan ba ka zama inda ake sha sam, zaɓinka shi ne masu tuwo, masu tsire, bukoki da yawa, da gidajen abincin gaggawa irin su Chicken Republic da Sweet Sensation. Idan kuma za ka iya zama nesa da kantar, ka ce a ba ka tebur can ciki ko a waje, ka je da wuri kafin masu sha su cika wurin.

To me zan sha? Kowa sai ya ce min Chapman.

Chapman jan lemon nan ne mai yankan kokwamba da lemon tsami a babban kofi, ana ma cewa a Ikoyi Club aka fara haɗa shi. Ana lissafa shi cikin marasa giya, amma yadda aka saba haɗawa ana ɗiga masa Angostura, ita kuwa wannan 'yar kwalbar akwai barasa a ciki sosai duk da ɗigo kaɗan ake sawa. Mutane da yawa ba su san haka ba. Ka ce a yi maka ba Angostura, shi ke nan, ɗanɗanon bai canza wani abin a-zo-a-gani ba. Zoɓo ma yanzu ya shiga manyan wurare, sai dai ka tambaya ko zalla ne don wasu suna haɗa shi da wani abu. Haka miyar da ake zubawa a kan gasasshen nama a gidajen abincin Turawa, wata da ruwan inabi mai sa maye ake dafa ta.

Ban taɓa cin abincin Yarbawa ba. Da me zan fara, kuma ya yajin?

Ka fara da amala da abula, wato ewedu da gbegiri da jar miya a haɗe a kwano ɗaya. Ewedu lalo ce, gbegiri miyar wake ce, ka ga ba baƙin abu ba ne a wurinmu, iru ɗin da suke sawa ma daddawa ce. Amalar baƙa garin busasshiyar doya ce, da zafinta ake ci, tana hucewa ta tashi daga aiki. A buka layi ake bi, mai tuƙi daban mai miya daban, za ka faɗi malmala nawa, sannan ka nuna naman da kake so ɗaya-ɗaya, akuya ko tumbi ko ganda, kowane yanka da kuɗinsa, to kar ka yi ta nunawa kana jin daɗi. Gidajen amalar da suka yi suna galibi a Menlan suke, Amala Shitta da Olaiya a Surulere, White House a Yaba, kuma sun fi daɗi da rana zuwa yamma, wanda ya je can dare ƙarshen tukunya zai tarar. Idan kana Lekki akwai Bukka Hut.

Yaji kam akwai. Mu namu yajin a gefe yake ka ɗiba yadda kake so, su nasu attaruhu ne aka markaɗa a cikin miyar, ba yadda za ka cire. Miyar ofada da asun, wato gasasshen naman akuya da aka juya cikin attaruhu, su ne ƙarshe, mai gyambon ciki ya yi nesa da su. Farfesun tarwaɗa da za ka nuna kifin yana iyo a kama a yanka maka shi ma akwai zafi amma ana iya cewa a rage tunda sabo za a dafa, sai dai ka shirya jira.

Ina son wurin da za mu zauna da madam mu ga ruwa, ba hayaniya.

Titin Ozumba Mbadiwe za ku bi, wanda ya bi gaɓar ruwan da ya raba VI da Ikoyi. Cactus yana nan, tsohon wuri ne da iyalai suka saba da shi, akwai kujeru a baya dab da ruwa kana hango fitilun Ikoyi, abincin kuma gauraye ne, na Larabawa da na Turawa da kek, ga yawa. A kan titin dai akwai Salma's mai abincin Labanan, kuma ga wanda ya saba zuwa Umara abincin ba zai zama baƙo ba, gasasshen nama da kaza da humus da burodin Larabawa. Ku riƙe maganin sauro ko Hajiya ta sa safa, bakin ruwa ne.

Idan daga sama kuke son kallon gari, Sky Restaurant yana can ƙololuwar Eko Hotel a titin Adetokunbo Ademola, ana hango teku da Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka cike teku ake ginawa. Shiro a Landmark, Oniru, abincin Asiya ne, wurin ɗaukar hoto ne sosai, amma nan kam sai an yi tambayoyin da na faɗa a amsar halal, kuma daren Juma'a da Asabar kiɗa yana tashi a duk yankin. Mai neman natsuwa ya zaɓi Litinin zuwa Alhamis.

Me ya sa bil yake fin abin da na lissafa?

Saboda farashin da ke takarda a manyan wurare sau da yawa ba a sa haraji ba. Akwai VAT na tarayya kashi 7.5, wanda ya koma haka a 2020 daga kashi 5. Akwai harajin ci da sha na jihar Legas kashi 5, dokar tun 2009 take. Wasu kuma su ƙara kuɗin hidima, sau da yawa kashi 10. Misali ka ci na naira 40,000: VAT 3,000, na jiha 2,000, hidima 4,000, sai ka ga 49,000 a risit kana ta zare ido. Ka duba can ƙasan takardar abincin da ƙananan rubutu, yawanci an faɗa.

Ruwan gora ma kuɗi ne, kuma idan ka ce ruwa kawai wani wurin babbar kwalba 'yar waje za a buɗe maka, ka ce na gida kake so. Akwai wani wuri a Lekki da aka taɓa sa mana kwanon farfesun da ba mu yi oda ba a cikin bil, da muka nuna aka cire ba gardama, to ka karanta risit layi-layi kafin ka miƙa kati. Ana karɓar kati da tiransifa kusan ko'ina, amma netwok na iya ƙi, kuma ba za su bar ka ka tafi ba sai sun ga alat, saboda haka ka riƙe kati biyu ko 'yan kuɗi a hannu. Ihsani ga weta ba dole ba ne, in an riga an sa kuɗin hidima ma ka huta, in ba a sa ba kuma yaron ya kyautata ka ba shi wani abu a hannunsa.

Sai na yi bukin, wato kama tebur tun kafin in je? Kuma za a bar ni in shiga da kaftani, Hajiya da hijabi?

Kaftani da hula ai kwalliya ce a Legas, masu gadi ma har ƙara gaishe ka suke yi, "Alhaji" ta ko'ina. Hijabi da abaya ma ba baƙon abu ba ne. Abin da wasu wuraren ke hanawa silifas ne na wanka da gajeren wando da singileti, to ka sa takalmin kirki. Wasu wuraren da dare yana yi suke juyewa gidan rawa ba sa karɓar yara bayan wani lokaci, idan da yara za ku ku kira tukuna, ko ku nufi Cactus ko Terra Kulture ko Ocean Basket masu kifi da dankali.

Bukin kuma, su Nok da Shiro da Sky gara ka kira ko ka tura saƙo ta Instagram, musamman ƙarshen mako. Su Jevinik da Yellow Chilli yawanci shiga kawai ake yi. Watan Disamba ne komai ke rikicewa, 'yan ƙasar waje sun dawo hutu, tebur ya yi wuya, hanya ta cushe, wasu wuraren har su ce sai ka kashe kuɗi kaza kafin a ba ka wurin zama. Da azumi kuwa ka je kafin a sha ruwa da kamar rabin awa ka yi oda, ka riƙe dabinonka a aljihu, don ba kowane kicin ne ya san ana jiran kiran sallah ba.

Ni kusa da filin jirgi na sauka, dole sai na shiga Ailan?

Ko kaɗan. Ikeja GRA tana nan kusa da kai, titin Isaac John da Joel Ogunnaike cike suke da wuraren cin abinci, Yellow Chilli da Jevinik duk suna da reshe a unguwar. Ga Ikeja City Mall a Alausa idan da yara, ga University of Suya a Allen, ga Agege ba nisa idan tuwon ne dai ya hana ka sukuni. Mai jirgin safe musamman, kar ya kuskura ya tsallaka gada da dare don abinci.

Ya zan koma masauki idan dare ya yi?

Ka kira mota ta waya, Bolt ko Uber ko inDrive ko LagRide, ka tsaya a cikin harabar gidan abincin har ta iso, ka duba lambar motar ta yi daidai da ta waya kafin ka shiga. Acaɓa kar ka sa rai, gwamnatin jiha ta hana su a ƙananan hukumomi da dama ciki har da Eti-Osa da Lagos Island da Ikeja da Surulere tun 2022, kuma dokar ta haɗa da fasinja. Jiragen ruwa ba sa aikin dare. Danfo, wato ƙananan bas ɗin haya, da tasi na kan hanya da ba ka sani ba ka bar su, masu wan-cans da dare suke aiki, motar da fasinjojin cikinta duk ɓarayi ne.

Idan da motarka ka zo, ka shiga fakin na gidan abincin ko ka bi inda mai gadinsu ya nuna, ka ɗan ba shi na goro in za ka tafi. Ajiye mota a bakin titi ko dai yaran unguwa su zo karɓar kuɗin fakin ko ka fito ka tarar an ja ta. A gosulo ka ɗaga gilashi, waya kar ta zauna a hannun da ke jikin taga. Da damina kuma, musamman Yuni da Yuli, ruwan awa biyu ya isa ya cika wasu titunan VI da Lekki har ya kai ƙofar mota, kuɗin Bolt ya ninka, direbobi su yi ta soke tafiya. In ka ga hadari ya haɗu da la'asar ka duba amsa ta gaba.

In ban son fita kwata-kwata fa?

Chowdeck ko Glovo, manhajojin kawo abinci, ka sauke a waya, ka sa adireshin otal ɗin daidai da sunan layi, ka zaɓi gidan abincin da ke ɓangarenka na ruwa don kar ya iso a sandare. Shinkafa da kaza da tsire suna jure tafiya, amala da sakwara ba sa jurewa. Wasu otal ba sa barin mai kawo saƙo ya hau sama, za a kira ka ka sauko risefshan ka karɓa, kuma ka yi odar kafin tara domin bayan nan gidajen da ke buɗe a manhajar raguwa suke yi.